Ƙarfe a Bakin Gimbiya

Zuwa ga Auta, 'yata ta ƙarshe,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da matan da kuke ɗaki ɗaya da su a gidan ma'aikata. Ya aiki, ya baƙunta? Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan da kika sani, ita ma tun da jikata Gimbiya ta zo ta rage mita.

Bayan haka, kin ce mu riƙa magana ta waya. Kin san kunnena. In aka kara mini waya sai in ji kamar daga cikin rijiya ake kirana. Kuma ban zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana a makarantar yamma, da furfurata da komai, don in bar biro ya bushe ba. Gimbiya ta riƙa yi miki magana a wayar Mai Kanti, ni kuwa zan rubuta in ba Direba, mai motar hayar da ke zuwa wajenku, ya kawo miki.

Auta, Allah ya yi miki albarka da kika bar mini 'yarki. Tun rasuwar mahaifiyarki babu mai motsi a gidan nan sai agogunan da aka kawo mini gyara masu su suka manta da su. Yanzu kuwa ga takalma a bakin ƙofa, ga littattafai a kan teburin aikina, ga waƙa tun da safe. Ta sa mini suna Tsohon Agogo, wai ina tafiya amma kullum ina latti. Na ce, "Ke da aka shimfiɗa wa layin dogo a baki ce za ki yi wa wani ba'a?" Ta yi dariya har ƙarfen haƙoranta yana walƙiya. Ni dai ban taɓa ganin aibin haƙoran nan ba. Amma ta gaya mini yadda yara ke kiranta Zomo a tsohuwar makarantarta don na gaban sun fito waje, sai na gane abin da ya sa kika sa aka ɗaura mata ƙarfen kafin ki tafi.

Mun je asibitin haƙori kamar yadda kika ce. Mota biyu muka hau, muka bi layi har rana ta take. Da muka shiga, Likita ya zare siririn ƙarfen da ya ratsa haƙoranta ya sa wani, ya canja ƙananan robobin nan masu launi, kafin in gyara zama ya ce an gama. Na sa tabarau na kalli hannunsa da kyau. Na ce, "Likita, ashe aikinmu ɗaya ne, kai baki, ni agogo." Bai yi dariya ba. Yaran yanzu.

Da muka dawo bakin ya yi mata tsami, ko ayaba ta kasa gatsa. Na jiƙa mata burodi a shayi mai madara da sukari sosai, na sayo mata alawa mai narkewa a wurin Mai Kanti. Ta ce, "Kaka, Likita fa ya hana." Na ce mai tauri ya hana, wannan ba ruwanta da haƙori.

Ita ke duba mini takarda kafin in liƙe, ta gyara inda na tsallake harafi. Yanzu ma tana tsaye a kaina, wai in rubuta tana gaishe ki. To, na rubuta.

Ni ne mahaifinki,
Mai Agogo

* * *

Baba,

Ina gaida ka da ladabi, da fatan kana lafiya, gwiwa kuma ta ci gaba da sauƙi. Na ji daɗin takardarka ƙwarai, har na karanta wa abokan ɗakina maganar layin dogo.

Ni lafiya nake, sai gajiya. Ɗakin aikinmu dogo ne, kekunan ɗinki jere har ba ka ganin na ƙarshe. Ni wuyan riga kaɗai nake ɗinkawa, in miƙa wa ta gabana. Har yau ban taɓa ganin rigar da na sa wa wuya ta kammala ba. In aka tashi kunnena yana ta ƙara har in kwanta.

Baba, ga 'yan abubuwa game da Gimbiyar taka. Ranar komawa asibiti tana jikin katin da na liƙa a bayan ƙofar ɗakinta, kada a tsallake. A jakarta akwai buroshi biyu, babba da wani ɗan siriri da ake zurawa tsakanin ƙarfe da dasashi. Ta san yadda ake yi, an nuna mata. Alawar nan kuma don Allah a rage.

Sai babban roƙona. Tun rasuwar babanta yarinyar nan abu kaɗan ke sa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ni na yi ta matsa mata da faɗa, ban ga amfaninsa ba. Kai kada ka matsa mata. Abin da ka ga ba ta so, ka bar ta, ka bi ta a hankali. Da na ji tana dariya a gidanka sai da na yi hawaye, don na daɗe ban ji ba.

Ana maganar za a mai da wasunmu sabon reshe a wani gefen gari. In ka ji ni shiru, wannan ne, ba wani abu ba.

A gaida Mai Kanti da iyalinsa.

'Yarka,
Auta

* * *

Auta, 'yar albarka,

Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan kekunan nan ba su mai da kunnenki irin nawa ba. Takardarki ta iso, na karanta na sake karantawa. Mu duka lafiya lau.

Bayan haka, albishirinki. Wata safiya Gimbiya ta fito riƙe da kumatu. Ashe bakin ƙarfen ne ya zarce ta can ƙurya yana sukar ta, har wurin ya yi rauni, ranar asibiti kuma da saura. Na ce ta zauna a kujerar aikina ta fuskanci taga. Ta ce, "Kaka, ni fa ba agogo ba ce." Na ce, "Cikin agogo ya fi bakinki wuyar sha'ani, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙarata." Na maƙala madubin aikina a ido, na wanke ƙaramar filaya da ruwan zafi, na datse abin da ya zarce, na goge bakinsa da magagari. Nan take sukar ta daina. Ta tashi ta rungume ni. Auta, tun da idona ya fara rauni masu kawo gyara suka ja baya, ban ji hannuna yana da sauran amfani kamar ranar ba. Na fita na ba Mai Kanti labari, na ba Direba, har mai wanki ya ji.

Da na duba da kyau sai na ga abin da Likita ke yi ba wani abin ɓoye ba ne, jan haƙora ne kawai. Shi sai wata ya zagayo yake ja da ƙarfi lokaci guda, yarinya ta dawo gida tana hawaye. Ni da nake gida ɗaya da ita, me zai hana in riƙa ja mata kaɗan-kaɗan, yadda ake murɗa kan agogo? Na ɗaure haƙoran gaban da siririn zaren ƙarfe mai tsabta, in na ga ya saki sai in ƙara murɗawa. Kullum ina tambayarta ko da zafi, ta ce babu. Wallahi har sun fara shiga layi. Don haka wannan watan ban wahalar da ita da mota biyu da layin asibiti ba. In muka koma Likita zai sha mamaki.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Na ga jini a wurin wanke baki. Na tambaye ta, ta ce in ta zura ɗan siririn buroshin nan jini ke fita, kuma da zafi. Sai na tuna maganarki, abin da ba ta so in bar ta. Ni kuma a iya sanina ba a goge rauni, barinsa ake yi ya huta. Na ce ta ajiye buroshin har wurin ya warke, ta riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi. Ta ce, "Likita ya ce ko da jini..." Na ce Likita ba shi ke jin zafin ba.

Girma kuma ya fara zuwar mata. In za ta yi magana sai ta kare baki da hannu, ƙyaƙyatawar nan duk ta bari. Sak mahaifiyarki lokacin da na fara ganinta. Wani lokaci sai in tsaya ina kallonta tana karatu, in rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Ta karanta wannan, na ce akwai gyara? Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Babu, Kaka." Kin ga ina ci gaba.

Mahaifinki,
Mai Agogo

* * *

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan lafiya ce ta sa ki shiru. Duk zuwan Direba sai na tare shi, ya ce babu komai. Kin dai ce za a iya mai da ke wani reshe, amma ai can ma ana sayar da biro.

Ni lafiya, sai barci da ya yi ƙaranci. Wannan ban nuna wa Gimbiya ba, don akwai maganar da ba na so ta gani.

Malamar ajinsu ta zo har shago. Mace ce mai ladabi, ta gaishe ni sosai, sannan ta ce Gimbiya ta daina ɗaga hannu a aji. Wai da ita ke karanta wa 'yan ajin labari, yanzu in aka kira ta sai ta ce kanta ke ciwo. Ta koma kujerar baya. Na ce kunya ce. Malama ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce yarinyar da suke zama tare ce ta nemi a canja mata wuri, wai saboda warin baki. Auta, raina ya ɓaci. Na ce mata jikata ba ta wari, 'yar wani ce ba ta da tarbiyya. Ta ba ni haƙuri ta tafi.

Amma da yamma na duba bakin. Dasashin ya kumbura ya yi ja wur, har ya fara hawa kan ƙananan ƙarafan da ke manne da haƙora. Ni a ganina jiki ne ke karɓar ƙarfen, yadda bishiya ke haɗiye ƙarfen shingen da ya daɗe a jikinta. Sai dai da safe ina ganin ɗigon jini a matashin kanta, tana juya shi don kada in gani. Nama ta daina ci gaba ɗaya, ko na yayyanka mata. Shayi da alawa kaɗai ke shiga, su kuwa ban hana ta ba, tunda dole ta sa wani abu a ciki.

Ki rubuto ki gaya mini ko haka yake yi wa kowa. In haka ne hankalina ya kwanta.

Mahaifinki

* * *

Baba,

Ina gaida ka. Ina fatan kana lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Takardunka biyu yau suka zo hannuna tare. Direba ya bar su wurin mai gadin tsohon kamfani, ni kuma an riga an mai da ni sabon reshe, suka yi ta zama a aljihun teburinsa. A tsaye na karanta su a bakin ƙofa, na kasa komawa kan keke.

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Amma Baba, filaya? A bakin yarinya? Da na ce kada ka matsa mata, zuciyarta nake nufi, kukan babanta nake nufi. Ban ce a bar bakinta ya lalace ba. Tun ranar da aka sa ƙarfen Likita ya gaya mana a gabanta, abinci yana maƙalewa a ƙarƙashinsa, shi ke sa dasashi ya kumbura ya yi jini. Ba buroshi ke kawo jinin ba, rashinsa ne. In aka daure aka ci gaba da gogewa jinin zai tsaya. Kai ka karɓe buroshin ka ba ta sukari.

Abin da ka kira kunya ba kunya ba ce. Wari take ɓoyewa. Malamar nan gaskiya ta kawo maka har shago ka kore ta.

Ni ma ban wanke kaina ba. Duk sanda na kira a wayar Mai Kanti sai ta ce, "Lafiya lau, Mama," ni kuma in karɓa don shi nake so in ji.

Don girman Allah, da zarar ka karanta wannan ka kai ta asibiti, ko ba ranarta ba ce. Ka gaya wa Likita duk abin da ka yi, kada ka rage komai. Kada kuma ka sake sa mata hannu a baki, ko kuka take.

Gidan ma'aikata ba a zama da yara, shi ya sa na bar ta tun farko. Na fara neman ɗaki a waje, da makarantar da za ta karɓe ta. Gara ka ji daga bakina.

Auta

* * *

Zuwa ga Auta,

Na amsa gaisuwarki, ko da yake gajeriya ce. Ina lafiya. Gimbiya ma da sauƙi.

Na kai ta. Likita ya buɗe bakin ya duba. Ya datse zaren da na ɗaura ya ajiye a kan tire, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce ni ne. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ya kira wata ma'aikaciya ya ce ta zo ta gani, suka tsaya su biyu suna kallon zaren suna magana ƙasa-ƙasa, ni ina tsaye da hulata kamar ba na ɗakin. Daga baya ya kira ni ya taɓa haƙoran gaba biyu da ɗan ƙarfensa. Auta, motsi suke. Ya ce an ja su da sauri fiye da yadda ƙashi zai iya bi. Ya ɗage leɓenta ya nuna mini inda dasashin ɗaya ya janye har wuyan haƙorin ya fito, ya ce mai yiwuwa wannan ba zai koma ba. Ya nuna mini farin tabo a jikin sauran, ya ce sukari ne.

Ya zare babban ƙarfen gaba ɗaya, wai sai dasashi ya warke, in ya so a fara daga baya. Sannan ya kankare mata ƙarƙashin naman. Tana kwance a kujerar nan ta riƙe hannun kujerar gam, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Na miƙa hannu in riƙe ta, ma'aikaciyar ta ce in jira a waje.

Ban ce na yi daidai ba. Amma ki bari in faɗi tawa. Ni na raine ku duka, babu wanda ya rasa haƙori a hannuna. Abin da kika rubuta shi na bi. Mu a makarantar yamma an koya mana abin da ke kan takarda shi ne magana, ba a koya mana karanta abin da mai rubutu ya bari a cikinsa ba. Da na rubuta miki ina tambaya, wa ya amsa? Kina can kina ɗinka wuyan rigar mutanen da ba ki sani ba, ni ne nake ganin jinin a matashi.

Yanzu komai ya canja. Na zubar da alawar. Safe da yamma ina tsayawa a kanta har ta gama da buroshi biyun, tana tofar da jini ina cewa ta ci gaba. Kayan aikina na kulle su. Ranar asibiti ko da rarrafe ne zan kai ta. Me kuma ake so tsoho ya yi?

Maganar ɗaki da makaranta, ki dakata. Jiya na zaunar da ita na ce, "Gimbiya, uwarki na so ta ɗauke ki. Za ki tafi ki bar Tsohon Agogo?" Ta ce, "A'a, Kaka, ina zan je in bar ka?" Da bakinta ta faɗa, ban sa ta ba. Ke uwa ce, kina da iko. Amma yarinyar ba jaka ba ce da za a ɗauka a ajiye. Ki tambaye ta. In ta ce tana so ta tafi, ni zan ɗaure mata kaya.

Mahaifinki,
Mai Agogo

* * *

Baba,

Ina gaida ka, ina neman gafararka tun kafin ka karanta. Ya gwiwa? Mai Kanti ya ce ba ka cika fitowa ba.

Mun iso lafiya. Da na zo ɗaukar Gimbiya na kwana a gidanka ba mu yi magana ta kirki ba. Ka zauna a teburinka ka ba ƙofa baya. Shi ya sa nake rubutawa.

Ɗakin da na samu ƙarami ne, taga ɗaya, amma kusa da makaranta. Mun ga wani likita a nan. Kumburin ya faɗa, jinin ya kusa tsayawa, warin ya tafi. Haƙori ɗaya ya daina motsi. Ɗayan yana nan yana yi, an ce sai an jira a gani. Ba ta gatsa komai da gaba, sai na yayyanka mata ta tura ta gefe. Tunda aka zare ƙarfen haƙoran sun fara komawa inda suke da. Ta daɗe a gaban madubi jiya.

Direba ya gaya mini ka kama kujera a motarsa, wai za ka zo da kanka ka tambaye ta a gabana, tunda ni na ƙwace ta ban tambaye ta ba. Wannan ne ya sa zan karya alkawarin da na yi mata.

Gaskiya ne ban tambaye ta ba, Baba. Ita ta neme ni. Washegarin da kuka dawo daga asibiti ta ari wayar Malama a makaranta ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Mama, ki zo ki ɗauke ni. Amma kada ki gaya wa Kaka ni na ce."

Na tambaye ta a hanya me ya hana ta magana tun farko. Ta ce duk sanda ka murɗa zaren nan zafin har cikin idonta yake hawa. Sai ka ɗago da madubi a ido kana murmushi ka ce, "Da zafi?" Ta ce ta kan buɗe baki ta ce e, sai ta ji a'a ta fito. Ta ce, "Mama, ni ke duba masa takardunsa. Na ga inda ya rubuta ranar ce ya ji hannunsa na da amfani. Ta yaya zan ce ya bari?" In na kira a waya kuma kana tsaye a gefenta kana kallon bakinta don ba ka ji, kana jira ta ce lafiya. Ta ce tun da ta zo gidan ba ta taɓa ganin ka ɓata fuska ba, ba ta so ya zama ita ce ta fara jawowa.

Ba ta ƙi ka ba. Ko jiya sai da ta tambaya wa ke dafa maka shayi. Amma murnarka ta yi mata nauyi, Baba, kuma yarinya ce. In ka zo ka sake tambayarta, za ta kalli fuskarka ta ce tana so ta koma. Za ta bi ka kuwa. Ina roƙonka kada ka zo.

'Yarka,
Auta

* * *

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Lafiyata lau, shayi kuma na iya dafawa, ki gaya mata.

Na karanta. Na ce wa Direba ya ba wani kujerar.

Na je wurin Malama na ba ta haƙuri. Na kuma gaya wa Mai Kanti ya daina cewa an ƙwace mini jika, ba ƙwacewa aka yi ba. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Alkawarinki yana nan, ba za ta taɓa ji daga bakina cewa na sani ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk sanda kuka ga likita ki rubuto mini halin da haƙorin nan yake ciki, yadda aka faɗa miki, ko mai daɗi ko marar daɗi. In ya faɗi ma ki gaya mini.

Ranar da za ku tafi, kina waje kina jiran mota, ta dawo ta tsaya a bayana ta ce, "Kaka, na bar takalmana masu igiya a ƙarƙashin gado, ka ajiye mini, zan zo hutu." Tun daga ranar nake shiga ɗakin ina duba su. Na ɗauka alkawari ta yi mini. Yanzu na gane ta bar su ne don in samu abin da zan riƙe, har tana bakin ƙofa tana lallashina. Wannan ba aikin yarinya ba ne.

Na goge su, na sa musu sabuwar igiya, suna cikin kwalin da Direba zai kawo tare da sauran littattafanta. Ki ce mata ƙafarta na girma, kafin hutu za su matse ta, shi ya sa na aiko. Kada ki ƙara komai a kai.

Mahaifinki